Sunan da ke Bayan Rigar Gona

Duk wanda ya yi karatu a 'yar jami'ar nan ta noma da kiwo da ke bayan Akurba, daga 1997 zuwa 2010, ya san Torkula, ko da bai taɓa jin sunan ba, don Baba Fota kowa ke ce masa. Shi ne mai tsaron ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai maza, shi ne kuma mai riƙe da makullin allon sanarwa. Gajere ne kakkaura, mai tafiya da sauri ko babu inda za shi. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne, wato bai taɓa manta sunan ɗalibi ba. A shekara goma sha uku sau ɗaya tak ya kira wani da sunan da ba nasa ba, wannan ɗayan kuwa ya ishe shi baƙin ciki har yau.

Ɗan ƙabilar Tibi ne, an haife shi a wata tunga ta manoman doya wajen Arikya. Da ya gama firamare uban ya ce boko ya isa haka, garma na jira. Da garmar ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya uku, har 1996 da aka wayi gari Lafiya ta zama babban birnin jiha. Nan fa kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya nufo gari neman aikin gwamnati, har da waɗanda ba su san ta ina ake shiga ofis ba. Torkula ya zo da addarsa, aka ɗauke shi lebura cikin masu sare dajin da za a gina makarantar. Da gini ya tashi aka sallami leburori, shi kuwa aka riƙe shi, saboda wata rana takardar sunayen ma'aikata ta ɓata, ya jero su duka daga ka, har da wanda bai zo ba da dalilin rashin zuwansa.

Jami'a ce a takarda da bakin masu jawabi. A ido kuwa dogayen azuzuwa huɗu ne, da ɗakin gwaji mai famfuna shida da ba a taɓa ganin ɗigon ruwa a bakinsu ba, da garken shanu, da gona mai faɗi da ta miƙe har bakin rafi. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban Torkula, don da hannunsa ya tuge kututturen da ke inda ofishin shugaba yake.

Allon sanarwar katako ne mai murfin gilashi da ɗan kwaɗo, a jikin bangon da ke kallon bencinsa. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna, saboda haka abin da bai hau allo ba bai faru ba. Sakamakon jarrabawa, yajin aikin malamai, hana girki da risho a ɗaki, ɓatan akuyar gwaji, duk ta hannun Torkula suke hawa. Idan takarda ta tsufa ya cire ta, ba ya yarwa. Kwalin sabulu gare shi a ƙarƙashin benci, nan yake jera su wata kan wata. Ɗalibai na masa tsiya, wai ranar da gara ta gano kwalin nan makarantar ta rasa tarihinta. Yakan yi dariya, amma duk wata sai ya zuba toka a kewayen kwalin.

Akwai wata al'ada a makarantar da sai an san ta za a gane abin da ya faru. Kowane ɗalibi na da koriyar rigar gona, irin mai haɗe da wando, an rubuta sunansa a baya da farin fenti, manya-manya. Dalili kuwa, malamin aikin gona ba ya son laka. A kan tudu yake tsayawa da littafinsa, ɗalibai na duƙe, yana karanta bayansu yana yi wa waɗanda suka zo alama. Wanda ya yi fashi sau uku sai ya maimaita shekara. To ɗalibi ai ba ya rasa dabara. In kana da uzuri sai ka ba abokinka rigarka, ya saka, ya ja hula, ya je ya duƙa a madadinka. Kowa ya san ana yi. Torkula ya fi kowa sani, don a gabansa ake miƙa rigunan ta taga, yana kawar da kai.

A ɗaki na tara akwai samari biyu da suka shigo a 1999. Terseer ɗan Tibi ne, mai surutu da son ƙwallo, wanda ya fi zuwa filin wasa a kan gona. Hizbullahi Bafulatani ne, siriri mai shiru-shiru, ɗan wani dattijo Modibbo da ke da ruga a hayin rafin bayan gonar makaranta. Kafin a sare dajin, a nan shanun Modibbo ke kiwo. Da aka tashe su, ya ce tunda makaranta ta ci wurin shanu, bari ɗansa ya shiga ya koyo maganin shanu. Kowace Alhamis in zai shiga kara, wato kasuwar shanu, yakan biyo ta hanyar gona ya ajiye wa yaran kindirmo a bencin Torkula. Samarin nan tukunyarsu ɗaya, bokitinsu ɗaya, har Torkula ya raɗa musu Doya da Nono.

A watan Yuni na 2001 rikici ya ɓarke a kudancin jihar. An yi kwanaki ana jin ƙishin-ƙishin daga ƙauyuka, sannan wata safiya abin ya iso gari. Wa ya fara, wa ya rama, kowa ka tambaya a Lafiya yana da tasa amsar. Abin da ya shafi labarin nan shi ne, a kwanakin nan suna kawai ya isa ya kashe mutum. Ɗalibai suka watse, wasu ko jaka ba su tsaya ɗauka ba. Torkula da matarsa Mwuese da yaransu suka yi kwana uku a ɗakin ajiyar dusa, mai kula da garke ya kulle su ta waje yana miƙo musu ruwa ta taga.

Rana ta huɗu, da sojoji suka cika gari, aka aiko kiransa daga ofishin kula da ɗalibai. An tsinci gawa a gonar rogo, kusa da wata bishiyar kashu da ke bakin hanyar rafi. Wa zai gane ta in ba Baba Fota ba? Ya je. Kwana uku cikin damina, ga kuma abin da aka yi wa fuskar, babu abin da ido zai shaida. Amma gawar rub da ciki take, ga farin fenti ɓaro-ɓaro a bayan koriyar riga: TERSEER. A ƙafafun akwai baƙin takalmin roba irin na makiyaya. Torkula ya ga takalmin, ya kuma gane shi, don kullum yana ganinsa a ƙofar ɗaki na tara. Ya ce a ransa, wayyo, yaron nan cikin sauri ya zura na abokinsa. Bai juya tunanin ta ɗaya gefen ba, ko sau ɗaya. Kwana uku ya yi a cikin dusa yana jin su wa ake nema, kuma sunan da ke bayan rigar irin nasu ne.

An ƙone ƙauyen su Terseer, babu wanda za a aika wa. Gawa kuma ba ta jira. Torkula da kansa ya ɗauko garma ya tona kabari a gindin kashun, ya naɗe gawar da zanen Mwuese, katakis Sebastian, malamin coci, ya yi addu'a a gurguje yana waige-waige, aka rufe, aka kafa gicciye na katako. Washegari ofis ya buga sanarwar rasuwa da hoton da aka ciro daga fayil, Torkula ya buɗe gilashi ya manna ta yana kuka.

Makaranta ta yi wata uku a rufe. Da aka koma, kowa ya dawo ko ya aiko da labari, ban da Hizbullahi. Wata rana ɗalibai na zaune a bencin, wani ya tambaya ko gaskiya ne an ga takalmin Fulani a ƙafar gawar. Torkula ya ce gaskiya ne, na Hizbullahi ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin sati ya zagayo magana ta yi ƙafa: ashe tare suka fita, ashe shi ya kai shi inda ake jira, in ba haka ba me ya hana shi dawowa? Da maganar ta dawo kunnen Torkula bai ce ƙarya ne ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ne ya sani, da irin muryar da ke nufin shi ma ya sani. An ƙone tungar ƙanensa a rikicin, zuciyarsa cike take, tana neman wanda za ta ɗora wa. Ƙarshen zango ofishin rajista ya fitar da sunayen waɗanda aka sallama saboda sun gudu daga karatu, Hizbullahi na ciki, Torkula ne ya manna.

Shi kuwa Modibbo tun makaranta na rufe yake zuwa. Ya bi asibitoci, ya bi ofisoshin 'yan sanda, ya je Doma, ya je Keana, ya je Awe, duk inda aka ce an ga wani siririn yaro mai boko. Ranar Alhamis kuma sai ya tsaya a ƙofar ɗakunan, da ƙwaryarsa a hannu.

"Fota, an tashi lafiya? Ba labari?"

"Baba, ba labari. Fayil ya ce ya gudu."

"Fayil ɗin ya ga inda ya nufa?"

"Fayil ba ya gani, Baba. Abin da aka rubuta ne."

Modibbo yakan ajiye kindirmon a benci kamar yadda ya saba, ya ce a ba yaran ɗakin, ko su waye. Jita-jitar ta same shi a kara. Mutanen da suka sha shayi tare shekara da shekaru suka koma gaisuwa daga nesa, wasu kuma, abin da ya fi masa ciwo, suka riƙa kama hannunsa suna murmushi kamar ɗansa ya yi abin kirki. Sau ɗaya ya tayar da maganar a gaban Torkula. Ya ce, "Fota, kai ka san yaron. Ko rago za a yanka a ruga, bayan bukka yake komawa." Torkula ya ce mutum na canzawa, ya ci gaba da goge gilashin allo.

Shekaru suka yi ta tafiya. Aka ja wa makarantar wuta, aka kawo kwamfuta uku, wayar hannu ta shigo aljihun ɗalibai, keke napep ya fara kai mutane har bakin get. Kabarin gindin kashu ya zama wurin tarihi. Duk watan Yuni ƙungiyar ɗalibai Kirista kan je su yi waƙa, a kira Baba Fota ya ba da labari, shi kuma ya bayar, kowace shekara labarin na ƙara tsari. Ya canja gicciyen katakon da na ƙarfe. A 2007, da makarantar ta cika shekara goma, aka buga ɗan littafin tarihi, aka ba Terseer shafi guda, har da layi biyu na yabon wani ma'aikaci da ya binne ɗalibi da hannunsa. Torkula ya sa littafin a leda ya ɗora shi a saman kwalin sabulu. Ba ƙarya, yana jin daɗin shafin nan.

Hanyar Modibbo daga ruga ta gindin kashun take bi. Da tsufa ya fara kama shi sai ya riƙa yada zango a inuwar, ya tuɓe takalmi don girmama mai wurin, ya zauna nesa kaɗan da gicciyen ya huta. In yaran kiwo sun biyo da shanu yakan tashi ya kore su da sanda, kada su taka ɗan mutane. Torkula ya sha hango shi, yakan ce a ransa alhaki ne ke jan tsohon nan zuwa wurin.

Wata Litinin da hantsi a 2009, Torkula na tsugune yana cire tsofaffin fil daga allo, wani mutum mai ƙiba da jakar leda ya tsaya a bayansa ya gaishe shi da Tibi. Ya waiwayo. Bakinsa ya riga hankalinsa, kamar yadda ya saba da kowane ɗalibi.

"Terseer. Ɗaki na tara."

Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya zauna daɓas a ƙasa, fil suka watse.

Terseer ya yi dariya, ya ce ashe Baba Fota na nan da ƙwaƙwalwarsa. Ya zauna a benci ya shiga bayani da harshensu. Da sanyin safiyar ranar nan ya ji an kai hari ƙauyensu, ya hau mashin ya tafi. Ya tarar an kashe mahaifinsa. Ya kwashi uwarsa da ƙannensa suka tsallaka Binuwai, ya rantse ba shi ba Lafiya, bai rubuto wa kowa ba, bai nemi kowa ba. Noma ya yi ta yi a Gboko. Yanzu wani aiki ne ya taso, an ce ya kawo shaidar shekara biyun da ya yi a jami'a.

Torkula bai ji rabin maganar ba. Ya ce, "Rigarka. Rigar gona."

"Au, wannan? Ai fashi biyu gare ni, in na ƙara ɗaya na maimaita shekara. Na jefa wa Hizbu na ce ya taimaka ya duƙa mini. Ya ce zai fita da wuri ya kama layin baya kada malam ya ga fuskarsa." Ya sake dariya. "Yana ina yanzu? Ya zama likitan shanun?"

Torkula ya buɗe ledar, ya buɗe shafin, ya miƙa masa. Terseer ya daɗe yana kallon hotonsa. Da ya gane, sai ya tashi ya koma bayan bango ya yi ta amai.

A ofishin rajista wata Hajiya Juwairiya ce ke kan fayiloli, mace mai kirki amma mai tsoron takarda. Ta saurare su har ƙarshe, ta rufe ƙofa. Ta ce matsalar Terseer mai sauƙi ce, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa yana raye, a sa a fayil. Maganar Hizbullahi kuwa sai ta kai ta sama. Bayan kwana biyu ta kira Torkula shi kaɗai.

"Baba Fota, Oga ya ce wannan sai kwamiti ya zauna. Kuma ya ce ba yanzu ba. Gari ya samu ya lafa, kana so a ji an binne ɗan Musulmi da kuros shekara takwas? Wa zai tare abin da zai biyo baya? Saura maka shekara ɗaya ka yi ritaya. Ka bar shi haka, don Allah."

A gida Mwuese ta faɗi abin da ya fi wannan. Ta ce in maganar ta fita ba wanda zai tsaya jin zancen riga, cewa za a yi ɗan Tibi ya binne ɗan Fulani ya ɓoye. Ta ce ya tuna ɗakin dusa, ya tuna yaransu. Ba ta yi ƙarya ba, shi ma ya san haka. Terseer ya karɓi takardarsa ya koma Gboko, ya ce ba zai iya kallon idon tsohon ba. Magana ta rage a cikin mutum ɗaya, kuma Alhamis na zuwa.

Alhamis ta farko Modibbo ya zo da ƙwaryarsa. "Fota, ba labari?" Torkula ya dubi ƙasa ya ce ba labari. Da tsohon ya tafi ya kasa taɓa kindirmon, ya kasa ba kowa, ya bar shi har ya yi tsami ya zubar a bayan bango.

Alhamis ta biyu Modibbo ya daɗe a benci. Ya ce Usaina, uwar yaron, tana kwance tun farkon damina, abinci ba ya zama. Ya ce da zai fito ta riƙe bakin rigarsa ta ce ya tambayi mai makullin nan da kyau, ko wani ɗalibi ya taɓa cewa ya gan shi, ko a mota, ko a nesa. "Ba dawowarsa take nema ba yanzu, Fota. So take ta ji ba shi ya yi abin da ake faɗa ba."

Torkula ya buɗe baki zai faɗa. Ya ga ɗalibai biyu na tahowa, ya ga tagar ofis a buɗe. Ya ce, "Ka gaishe da Mama. In na ji wani abu zan faɗa."

Alhamis ta uku Modibbo bai zo ba, kuma abin kunyar da Torkula bai taɓa ɓoye wa kansa ba shi ne, ya ji sanyi a ransa. Amma sanyin bai kai la'asar ba. Ya kasa cin abinci, ya kasa zama a benci, sunan yaron na ta kai-komo a kansa. Ranar Asabar da safe bai gaya wa Mwuese ba, ya sa hularsa ya bi hanyar gona, ya wuce kashun bai kalle shi ba, ya tsallake rafi. Tun daga nesa ya hango tabarmi a shimfiɗe a gaban ruga, da maza zazzaune, da butoci. An binne Usaina ranar Laraba.

Ya tsuguna ya yi gaisuwa yadda ya ga ana yi. Da mutane suka ragu ya matsa kusa ya ce, "Baba, akwai labari. Amma sai ka bi ni."

Modibbo ya ɗauki sandarsa suka taho, Torkula a gaba. A gindin kashun tsohon ya tuɓe takalmi kamar kullum, ya nufi inda ya saba zama. Torkula ya tsaya a kan kabarin ya faɗi komai da Hausarsa ta kasuwa, wadda ranar ta yi masa kaɗan. Ya faɗi zancen riga, da fashi biyu, da layin baya, da mutumin da ya zo daga Gboko. Ya ce waɗanda suka tare yaron sunan da ke bayansa suka karanta. Ya ce, "Baba, yaronka bai gudu ba. Bai kai kowa ko'ina ba. Taimako ya je yi. Yana nan."

Modibbo ya taso a hankali ya zo ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya yi salati ƙasa-ƙasa.

"Wa ya tona?"

"Ni."

"Ina kansa yake?"

Torkula ya nuna. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi kabarin.

"Ashe shi nake kore wa shanu," ya ce. Ya share ganyen da ya zuba a kai da gefen hannu. "Takalmin da ake faɗa, ni na saya masa a kara. Ka gan shi ran nan?"

"Na gani."

"Ka san nasa ne."

"Na sani, Baba. Na ɗauka takalmin aka ara. Ban yi tunanin riga ba."

Modibbo ya gyaɗa kai, kamar wannan abu ne da zai iya ɗauka. Mutum ne da ya san ana ɓatan kai, ya taɓa bin sawun saniyar wani yini guda yana zaton tasa ce. Ya miƙe yana dogara sanda, har ya sa ƙafa ɗaya a takalmi, sai ya tsaya.

"Shi mutumin Gboko, yaushe ya zo?"

Torkula na iya cewa jiya. Ba mai ƙaryata shi, Terseer ba zai dawo ba, Hajiya Juwairiya ba za ta buɗe baki ba. Ya ce, "Sati uku."

Tsohon ya sauke kai yana taɓa gaɓoɓin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, Alhamis bayan Alhamis. Ya tsaya a kan ta biyu.

"Ranar da na ce maka ta riƙe mini riga."

"E."

"Ka sani."

"Na sani."

Modibbo bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da Torkula ya fi samun sauƙi. Ya ƙarasa sa takalminsa ya juya ya nufi rafi, yana tafiya a hankali, bai waiwayo ba.

Ran Litinin Torkula ya yago takarda daga littafin rajistar baƙi, ya rubuta da hannunsa, da manyan baƙaƙe irin na ɗan firamare, cewa wanda ke kwance a gindin kashu Hizbullahi Modibbo ne na ɗaki na tara, bai gudu ba, kuma shi Torkula ne ya yi kuskure. Ya buɗe gilashi ya manna ta a tsakiya ya kulle. Ta yi yini ɗaya da rabi. Aka aiko aka karɓi makullin, aka cire ta, aka mayar da shi gadin ƙofar garke har ya yi ritaya a 2010. Garin bai kama da wuta ba. Ɗalibai sun yi sati suna maganar, sannan jarrabawa ta zo. Kwamitin bai taɓa zama ba, littafin tarihin kuma yana nan a laburare da shafinsa yadda aka buga shi.

'Yan'uwan Modibbo sun zo wata safiya su shida, suka cire gicciyen suka jingina shi da bishiya a mutunce, suka jera duwatsu, suka yi addu'a suka tafi. Bayan damina rugar ta tashi, aka ce sun yi wajen Awe.

Torkula ya koma tungarsu ta Arikya da kwalin sabulunsa. Takardar da aka cire tana ciki, ya roƙi masinjan da ya cire ta ya ba shi. Har yanzu in tsohon ɗalibi ya ci karo da shi a kasuwar doya ya ce, "Baba Fota, ka gane ni?" yakan gane shi sarai, da ɗakinsa da shekararsa. Amma ba ya faɗa. Sai ya dube shi tun daga fuska har takalmi, ya ce, "Faɗa mini da bakinka."